Fom ɗin neman famfon sola a Odoo: ana cikewa, amma ba mu san abin da za mu kai wa mutum ba

Ɗan Adar, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba haɗa fom a cikin Odoo ko wata manhajar kasuwanci irinta.

Ni ke riƙe da biro a shagon kawuna nan Tawa. Muna sayar da famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, da farantansa, da tiyo, da sauran kayan garka. Yawancin masu sayenmu manoman albasa ne na Galmi da Madawa da Ƙonni da ƙauyukan Maggiya. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ɗin da ake samu da arha a bakin iyaka ya yi tsada. Masu injin ban ruwa wasu suka juya shi ya koma gas, wasu suka fara tambayar sola. Ciniki ya buɗe, alhamdulillahi, har littafin kawu ya kasa ɗauka. Shi ya sa muka sa Odoo don lissafin kaya da takardun kuɗi, kuma ta wannan fannin ba mu da kuka.

Da damina ta ja baya mutane suka fara shirin irin albasa, sai na haɗa fom a shafinmu don duk mai son famfo ya cike, ya shigo CRM, sashen Odoo da ke riƙe katin kowane mai neman kaya, kai tsaye, mu kira shi da farashi. Na zuba gurabe kusan ashirin: suna, gari, waya, imel, zurfin rijiya, girman garka, abin da yake nomawa, kuɗin da yake iya kashewa, NIF (lambar haraji), har da hoton wurin. Na tura adireshin ga yaran da ke nemo mana ciniki a garuruwan nan, su kuma suka watsa a WhatsApp.

Ga abin da ke shigowa. A gurbin zurfi mutum ya rubuta 5. Biyar ɗin me? Idan mita biyar ce, ƙaramin famfon da ake ajiyewa bakin rijiya ya ishe shi. Idan gaba biyar ce, kamar yadda duk manomin Adar ke auna rijiyarsa, to maganar mita tara ake yi, kuma famfon sama ba ya jawo ruwan da ya wuce mita bakwai zuwa takwas, sai wanda ake zurawa ciki. Kayan daban, farashin daban. Gurbin kuɗi kuwa ya fi ban dariya. Wani ya sa 300, yana nufin jikka ɗari uku. Wani ya sa 300.000 da ɗigo a tsakiya irin yadda aka koya mana a lakwal, na'ura ta karanta shi 300. Wani dattijo ya sa 60000, da na kira shi ashe da dala yake ƙirga. Su ukun kuɗi ɗaya suke nufi, sefa dubu 300, amma a allona biyu sun fito kamar masu neman batirin tocila.

Sai maganar suna. Mutum ɗaya ya shigo yau Mahamadou, jibi Mamadou, wani mako Alhaji Mamman. Garin nan namu ma wani ya rubuta Tahoua, wani Tawa. Ƙonni kuwa ba a magana: Konni, Birni N'Konni, Kwanni. In na nemi mutanen Ƙonni kaɗai don mu haɗa kayansu a mota guda, rabinsu ba sa fitowa. Imel kuma, tunda fom ɗin ya ƙi tafiya sai an sa shi, yaranmu suna sa nasu ga kowa, yanzu manoma da yawa imel ɗaya gare su.

Abu na ƙarshe, zurfi da girman garka da sauran tambayoyin da na ƙara da kaina duk suna taruwa wuri guda a cikin bayanin katin mutum, kamar wasiƙa. Ba na iya tace su, ba na iya jera su. Ga kuma saƙonnin banza da Turanci da ke shigowa cikin dare, masu cewa za su kai shafinmu sahun farko a Google.

Ta ina zan kama gyaran? Kawu ya fara cewa a koma littafi.

Ƴar Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Girka wa ƴan kasuwa irin wannan manhaja shi ne aikina a nan Yamai, kuma abin da ka faɗa na taruwar amsoshi wuri guda ba lalacewa ba ce, haka abin yake aiki. Idan kana gyara fom a shafin Odoo, gurbi iri biyu ne. Akwai wanda ka ɗauko daga guraben da katin CRM ke da su tun asali, irin su suna, waya, gari, alamomi. Akwai kuma wanda ka ƙirƙira nan take cikin fom ɗin. Na farkon yana faɗawa mazauninsa, kana iya tacewa da shi. Na biyun ba shi da mazauni a katin, shi ya sa ake jera amsarsa cikin bayani. In kana son zurfi ya zama abin tacewa, sai an fara yi masa gurbi a katin CRM ɗin kansa, sannan ka ɗauko shi cikin fom. Masu biyan Enterprise, wato Odoo na kuɗi, suna yi da Studio, abin ƙara gurabe da ke cikinsa, cikin ƴan mintuna. In Community gare ku, wato na kyauta, wanda ya girka muku zai iya ƙarawa, ba babban aiki ba ne.

Imel ka cire masa alamar tilas, ko ka fidda shi gaba ɗaya. Abin da manhajar ba ta yafewa shi ne taken buƙatar, shi kuma sai ka rubuta masa "Neman famfo" a matsayin amsar dindindin ka ɓoye shi, kada manomi ya gan shi ma. Tilas ɗinka ya koma kan lambar waya. Ita ce mutum a wurinka, ba suna ba. Mamman zai iya zama Mahamadou gobe, amma lambarsa tana nan. Sai dai kada ka ce dole lamba takwas, don na san halin mutanen Ƙonni, da yawansu layin Najeriya ke hannunsu, mai lamba 11 da ke farawa da sifiri. Ka rubuta misali a ƙarƙashin gurbin, ka roƙi a sa +227 ko +234 a gaba, kuma a haɗe ba tazara. Waɗanda suka riga suka shigo sau biyu sau uku, ka zaɓe su a jeri ka haɗe su, akwai maɓallin haɗewa a CRM da kuma wajen adireshin mutane.

Gari kada a rubuta da hannu. Jerin zaɓi: Tawa, Galmi, Madawa, Ƙonni, Keita, Buza, sai "wani gari", wanda in an taɓa shi ne kawai gurbin rubutu zai bayyana. Akwai saitin da ke cewa gurbi ya fito sai in an zaɓi kaza. Shi za ka yi wa NIF ma. Manomi mai garka ɗaya ina ya ga NIF? Ka tambaya tukuna: kai kaɗai ne, ko ƙungiya ce, ko kamfani? In ya ce ƙungiya ko kamfani, sannan NIF ya fito.

Gurbin kuɗi kuwa ni dai shawarata ka goge shi. Ba gyara yake so ba.

Masu saƙon dare na'urori ne ke cike fom da kansu. A saitin shafi akwai wurin haɗa reCAPTCHA na Google, sababbin fitowa kuma suna da Turnstile na Cloudflare. Ka kunna ɗaya, za su ragu sosai.

Ɗan Adar, Tawa

Yaya na gode ƙwarai, Allah ya saka. Community gare mu, zan nemi wanda ya girka. Amma maganar goge kuɗi ta tsaya mini. Kawu ya fi son wannan gurbin a kan duk sauran, wai da shi yake gane mai saye da mai tayi. Kuma zurfin fa, ko an yi masa mazauni, ai 5 ɗin nan za ta sake shigowa.

Na Madawa

Ɗan uwa, bari in sa baki a kan zurfin, don garkar albasa na tashi kafin in yi aikin tattara bayanai da wata ƙungiya a ƙauyukan nan.

Kada ka ba mutum wurin rubuta lamba. Ba shi zaɓi uku da harshen da yake aunawa: bai kai gaba huɗu ba, gaba huɗu zuwa takwas, ya wuce gaba takwas. Ka sa mita a gefen kowane don ƴan boko. Gaba huɗu wajen mita bakwai ke nan, daidai inda famfon sama ke gajiya, ka ga zaɓin farko kaɗai ya raba maka kayan gida biyu. Gabar dogo da ta gajere ba ɗaya ba ce, na sani, amma fom ba shi zai auna rijiya ba, shi dai ya gaya maka wane akwati za ka ɗora a mota ranar da za ka je aunawa.

Sannan tambayar kanta ka gyara ta. "Zurfin rijiya" zai ba ka inda aka tsaya da haƙa. Kai kuwa abin da kake nema shi ne daga baki zuwa kan ruwa, kuma a wane wata. Wanda ya cike maka fom a Oktoba zai faɗi ruwan bayan damina, lokacin da rijiya ke cike. Albasarsa kuwa tana shan ruwa har Fabrairu da Maris, lokacin da ruwan ya sauka kuma kowa a fadamar yana ja. Ka rubuta: "Da bazara, gaba nawa kake zura guga kafin ya taɓa ruwa?" Kowane manomi ya san amsar wannan ko cikin barci. Ka ƙara tambaya guda, rijiyar siminti ce ko foraj ɗin tiyo, don ba kowane famfo ke shiga bakin tiyo ba.

Wani abin kuma, fom ɗin shafi sai da rezo yake buɗewa, ya kuma aika. A cikin garin Madawa ba laifi, amma ka gangara fadama ka ga yadda abin yake. Mu KoboCollect, manhajar tattara bayanai, muka yi aiki da shi a wayar Android. Ana sauke fom ɗin sau ɗaya, a cike ko babu rezo, ya ɗauki hoto da GPS na bakin rijiyar, in an dawo gari a aika duka. Daga baya ka sauke amsoshin a Excel ka shigar da su Odoo. Aiki biyu ne, ban ɓoye maka ba, kuma in sunayen ginshiƙan ba su dace da na guraben Odoo ba za ka sha zama kana daidaitawa. Amma ga yaranka masu shiga ƙauye ya fi musu. GPS ɗin nan kaɗai ya isa dalili, don "bayan makarantar allo, kusa da babbar gawo" ba adireshin da direba zai bi ba ne.

Alhaji na Katako

Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne, ɗana ke rubuta mini wannan, kayan gini nake saidawa. Yaro, gaya wa kawunka in ji ni, babu Bahaushen da zai rubuta abin da ke aljihunsa a cikin waya ya aika wa wanda bai gani ba. Mai jikka ɗari biyar zai ce ɗari biyu don kada ka tsuga masa. Marar ko sisi zai ce miliyan don a kira shi Alhaji. Kuɗin manomin albasa ma ba a hannu suke ba, suna cikin rudu, rumbun ajiyar albasa, sai farashi ya tashi ya fasa. In kuna son ku san mai saye, ku tambaye shi buhu nawa ya ɗauka bara. Wannan zai faɗa da alfahari, har ya ƙara.

Kuma ina da tambaya. In mutum ya cike abin nan naku, wa ke kiransa, kuma yaushe? Mu ma yaran sun yi mana irinsa, ya yi kyau a ido, amma buƙatun mutane suka kwana bakwai ba wanda ya duba, kowa na zaton ɗan uwansa ya kira. Mutum ya gaji ya tafi shagon gaba. Wanda ya aiko saƙon murya a WhatsApp kuwa nan take ake amsa masa, don wayar tana ƙara a aljihu.

Ɗan Adar, Tawa

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na karanta wa kawu saƙonka ranar Lahadi bayan an tashi kasuwa, ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce maganar rudu gaskiya ce, shi ma haka yake yi wa masu kawo masa kaya daga Yamai. An goge gurbin kuɗi. "Buhu nawa ka ɗauka bara" ya shiga madadinsa, shi ma zaɓi ne ba rubutu ba.

Tambayarka ta kira kuwa ta same mu. Ni da ƙanena ne a biro, kuma abin da ka faɗa ya faru. Yanzu na saita fom ɗin duk abin da ya shigo ya faɗa sunana kai tsaye, akwai wurin zaɓen mai kula da ciniki a saitinsa. Da safe kafin in taɓa komai sai na buɗe rukunin sababbi, wanda na kira in ja katinsa zuwa "an kira", wanda za a je wa awo zuwa "awo". In rukunin farko bai zama fanko ba, ba na fita cin abinci. Saƙon da ke fitowa bayan an aika ma na sauya shi, da yana cewa an gode da Faransanci, yanzu yana cewa "Mun karɓa, za mu kira ka gobe in sha Allahu", da lambar shago a ƙasa.

Fom ɗin ya koma gurabe bakwai: suna, waya, gari, irin rijiya, gaba nawa da bazara, buhun bara, sai kai kaɗai ko ƙungiya. Hoto na cire, don na lura a nan mutane ke tsayawa. Hoton wayar yanzu yana da nauyi, ya yi ta juyawa yana cin forfe, wato kuɗin intanet, mutum ya rufe ya tafi. Malam na Madawa, Kobo ɗin na ajiye shi sai mun ga yadda wannan zai yi, kada in ɗora wa yaran abu biyu a lokacin da ciniki ya fi zafi. Amma tambayar gugar na ɗauke ta yadda ka rubuta, ban taɓa ko harafi ba.

Abin da na gane daga kiran da nake yi shi ne, kusan duk fom ɗin ba manoman ke cikewa ba. Yaranmu ne ke zama da mutum su tambaye shi su danna, ko ɗansa ɗan lakwal. To tunda haka ne na rubuta tambayoyin yadda za a karanta wa dattijo da baki ya amsa, ba yadda ake rubuta takardar gwamnati ba.

Saura abu biyu. Kawu yana ba wasu kaya bashi zuwa girbi, yana so a ƙara wurin ɗora hoton katin ɗan ƙasa tun a fom. Sannan yaran suna da kamasho a kan duk wanda suka kawo, yanzu har an fara jayayya tsakanin na Galmi da na Madawa a kan wani mutum. Yaya zan san wanda ya kawo wa ba tare da na yi wa kowa fom nasa ba?

Ƴar Yamai

Katin ɗan ƙasa kada ya shiga wannan fom ɗin, ƙanena. Wanda ke tambayar farashi bai ci bashi ba tukuna, kuma duk abin da aka ɗora yana manne a katin CRM, duk mai iya buɗe katin zai gan shi. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sake ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke kula da ita. Ka karɓi abin da aikin ke buƙata kawai, ka gaya wa mutum abin da za ka yi da shi. Layi ɗaya a ƙasan fom ya wadatar: lambarka don mu kira ka kan maganar famfo ne, ba ma ba kowa. Ranar da aka yi yarjejeniyar bashi ido da ido, sannan a karɓi katin, a ajiye inda kai da kawu kaɗai ke gani. Ku duba izinin masu shiga manhajar ma, ba kowa ya kamata ya iya sauke jerin lambobin mutanenku a Excel ba. Yaron da ya bar aiki da wannan jerin ya tafi da kasuwarku.

Na kamasho kuwa fom ɗaya ya isa. Akwai abin bin sawun adireshi a sashen shafi. Ka yi wa kowane yaro gajeren adireshinsa zuwa fom ɗin nan guda, ka sa sunan garinsa a matsayin tushe. Duk wanda ya shigo ta adireshin na Galmi, katinsa zai nuna Galmi a wajen tushe, kuma kana iya tacewa da shi ƙarshen wata. Ka gwada da wayarka kafin ka raba musu. Ka kuma ja musu kunne kada su riƙa aron wayar juna, don waya tana riƙe da sawun adireshin da aka buɗe a cikinta.

Na Madawa

Wannan zai raba gardamar gaba, amma ba ta mutumin da ake jayayya a kansa yanzu ba. Tsakanin Galmi da Madawa tafiyar ƙasa da awa ce, manomi yana iya jin magana a bakin wannan ya cike a hannun wancan. Ku tsayar da doka tun yanzu a gaban yaran duka, ko wanda ya fara shigar da lambar ne ke da kamasho, ko wanda ya kai ku bakin rijiya ranar awo. Ni da za a tambaye ni na biyun zan ce, don shigar da lamba ba ta da wuya, kowa na iya kwashe lambobin ƙauyensu ya zuba muku cikin dare ɗaya.